DARASI: GWAJIN JINI DA GUBAR DALMA A JIKIN YARA

Ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu na yau a kan gubar dalma ne, da yadda gwajin jini ke tona asirinta.

Ku sani, a shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro ya kama amai da jijjiga, kafin a ankara ya cika. Da fari aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da aka auna jininsu, kana gaskiya ta bayyana. Yara kimanin 400 suka rasu.

To, mene ne sanadi? Dutsen zinariya ne da ake kawowa cikin gida a daka, a niƙa. Akwai dalma cikinsa. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki, shi ke nan.

Yaya ake aunawa? Ana ɗibar jini kaɗan, a duba maikirogiram nawa na dalma ke cikin kowane desilita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ya kai 5, a nemo inda gubar ke fitowa. In ya kai 45, yaro na bukatar maganin da ke fitar da ita. A ƙauyuka biyu da aka bincika a 2010, cikin yara 204 da aka auna, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce.

Ku lura da amfanin rubutawa. Sakamakon yaro ɗaya labarinsa kaɗai yake bayarwa. Amma in aka tara na yara da yawa, kowa da shekarunsa da ƙauyensa, sai a gane wane gari ne ya fi kamuwa, wa za a fara yi wa magani, ina za a kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Haka aka kwashe ta Bagega a 2013. Dalili kuwa, in an ba yaro magani ya koma cikin ƙurar, adadin zai sake hawa, gwaji na biyu kuma zai nuna.

Kada wani ya ce, "Ai yarona lafiyarsa lau." Dalma kaɗan ba ta nuna alama, amma tana cin ƙwaƙwalwa, karatu ya gagara daga baya.

Saboda haka, mai aikin zinariya cikinku kada ya niƙa dutse a gida. Ya yi wanka, ya sake tufa kafin ya ɗauki yaro. In ma'aikatan lafiya sun zo, ku kai ƙannenku da 'ya'yanku a auna su, ku adana takardar, ku koma ranar da aka sa muku. Yaran nan amana ne a wuyanmu.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin.