Rinin Gashi da Baƙin Dayis: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Yawancin baƙin rinin da ke kasuwa, na kai ne ko na gemu, yana ɗauke da sinadarin PPD. Shi ke sa baƙin ya kama, shi ke kuma kumbura fuska. Jikin da ya taɓa ƙin sa ba ya sake shiri da shi har abada.

A yi gwaji kafin kowane rini. A ɗiga ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar gwiwar hannu, a jira awa 48. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, an gama magana. Cewa "ai na shekara goma ina shafawa" ba hujja ba ce, don sau da yawa sai bayan an daɗe ana shafawa jiki ke yin bore.

Kada a zana dayis a fata da sunan ƙunshi. Lalle na gaskiya ja yake yi, kuma sai an ba shi lokaci. Wanda ya yi baƙi ƙirin cikin rabin awa, rini aka zuba masa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa shi, hukumar FDA ta Amurka kuwa ba ta yarda a sa shi a fata ba. Mai ƙunshi ba ta da ma'auni, da cokali take kwaɓawa. Amarya ta sha kyau ranar kamu, bayan 'yan kwanaki zanen ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa, suna bin kowane reshe na fulawar daga yatsu har dantse. Tabon yakan daɗe bai ɓace ba.

Kada a rina gira ko gashin ido. Makanta na iya biyo baya.

Kada a shafa a kan da ke da gyambo ko makero. Wadda ta sa man miƙar da gashi ta jira mako biyu.

Kada a rina wa 'yan ƙasa da shekara 16, ko da Sallah ce.

A sa safar hannu, a bi lokacin da aka rubuta a kwali, a wanke da ruwa mai yawa. Wanda babu lambar NAFDAC ko jerin sinadarai a jikinsa, a bar wa mai shago abinsa.

A ɓoye rinin daga yara. Shan sa guba ne: yana kumbura harshe da maƙogwaro, yana kashe ƙoda. Likitocin Sudan sun sha ganin haka.

In leɓe ko ido ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, kada a tsaya shafa man kaɗanya. A wanke, a ɗauki kwalin, a nufi asibiti nan take.

Masu ƙunshi da masu aski, ku riƙa tambaya kafin ku shafa wa kowa. Fatar mutane amana ce a hannunku.