Kalmar “Take” da Ɗaliban Ƙasar Gumel

Duk malamin da ya daɗe yana duba rubutun Ingilishi na ɗaliban sakandare a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar zai shaida cewa ba manyan kalmomi ne suke kayar da yara ba, domin waɗannan akan haddace su a wuce wurin. Abin da yake kayar da su shi ne ƙananan aikatau, wato kalmomin da suke nuna aiki, waɗanda ɗalibi yake ganin ya gama da su tun yana firamare. Kan gaba a cikinsu ita ce “take”, wadda aka koya wa kusan kowane yaro cewa ma'anarta “ɗauka”, aka kuma bar shi a nan. Alhali ma'anoninta suna da yawa, kuma ba ita kaɗai ce mai wannan hali ba, domin a 2011 masu sabunta babban ƙamusun Oxford sun lissafa wa aikatau “run” ma'anoni 645.

Ma'anar “take” tana rataye ne a wuyan karɓau, wato sunan da aikin ya faɗa a kansa. Idan karɓau littafi ne, ɗauka ake nufi. Idan mota ce, shiga ake nufi. Idan lokaci ne, kamar a “the journey takes two hours”, to tafiyar ce take cin awa biyu. Idan kuwa magani ne, sha ake nufi, ko da ƙwaya ce da ake haɗiya. Wannan na ƙarshe ya wuce batun maki, domin a gidaje da yawa ɗan makaranta ne ake miƙa wa kwalin magani ya karanta wa iyayensa, kuma wajibi ne ya gane cewa “take two tablets twice daily” umarni ne na shan ƙwaya biyu sau biyu a rana.

Akwai wurare biyu da kuskure ya fi yawa a takardun da marubucin wannan bayani yake dubawa. Na farko shi ne “take an examination”, wanda wasu suke fahimta da cin jarrabawa, alhali kuwa zama jarrabawar kawai yake nufi, ko an ci ko an faɗi, shi kuwa cin ana bayyana shi ne da “pass”. Na biyu ya fi zurfi, domin ya shafi ginin harsunan biyu: Hausa tana nuna cewa aiki ya nufo wajen mai magana ta hanyar ɗafa wasalin “o” a ƙarshen aikatau, shi ya sa ake samun kai da kawo, fita da fito, shiga da shigo, amma Ingilishi yana sauya kalmar ɗungurungum, ya ce “take” idan ana nesanta abu daga mai magana, ya ce “bring” idan ana kusanto shi. Ɗalibin da ba a nuna masa wannan ba yakan koma ga “carry” a ko'ina, har ya rubuta cewa ya ɗauki mahaifinsa zuwa asibiti a inda yake nufin ya kai shi.

Sai kuma aikatau mai rakiya, wanda ƙaramar kalma take biyo bayansa ta juya ma'anarsa: “take off” tashin jirgi ne ko tuɓe tufa, “take after” gadon kama ko hali ne, “take over” karɓar ragama ce, “take place” kuwa aukuwa ce. Irin waɗannan suna fitowa a jarrabawar WAEC da ta NECO, inda rashin kiredit a Ingilishi yake tsayar da yaro mai ƙoƙari a ƙofar jami'a, abin da yake damun duk malamin da ya san irin wahalar da iyaye manoma suka sha kafin yaron ya kai aji shida.

Abin takaici shi ne ɗalibin ya riga ya mallaki mabuɗin wannan matsala a harshensa, ba a dai nuna masa ba. Yaron Maigatari ya san cewa kasuwar garinsu tana ci ranar Alhamis, ya san dillalin shanu yana cin riba, wani ya ci bashi, wani ya ci amana, wani ya ci sarauta, kuma bai taɓa zaton akwai tuwo a cikin ɗayansu ba. Ƙamusun Hausa na Bargery, wanda ya fito a 1934, ya ba “ci” da “sha” fili mai faɗi saboda wannan dalili. Saboda haka ya kamata malami ya fara darasin “take” da rubuta “ci” a allo, ɗalibai su kawo abokan tafiyarta da bakinsu, sannan a koma ga Ingilishi a yi haka nan, ta yadda ba za a sake rubuta aikatau shi kaɗai a littafin ɗalibi ba sai tare da karɓau ɗinsa, a cikin cikakkiyar jimla da ta shafi riɗi ko zoɓo ko motar Kano.