Gyaɗa ba ta da laifi a ƙurajen fuska

Wata uwa ta kawo mini 'yarta mai shekara 16, goshi da kumatu duk ƙuraje. Tun ban buɗe baki ba ta ce, "Likita, na hana ta gyaɗa, na hana ta ƙuli-ƙuli, ko miyar taushe ba ta sha, amma abin sai gaba yake yi." Yarinyar kai a sunkuye, don a gida an gama yanke mata hukunci: ko ƙazanta ce, ko aure take so.

Duk zargin nan babu wanda ya kama hanya. A gindin kowace ƙofar gashi akwai 'yar jaka mai yin maiƙo. Da balaga ta zo, sinadarin jiki da ake kira androjin, wanda namiji da mace duk suna da shi, sai ya sa jakar ta ƙara himma. Maiƙon ya cakuɗe da matacciyar fata ya toshe ƙofar, ƙwayar cutar da dama can take zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, sai wurin ya kumbura. Baƙin ɗigon nan na kan hanci ma maiƙo ne ya sha iska ya yi baƙi, ba datti ba. Wasu matan ƙurajen kan taso musu gab da al'ada, kuma abin yana bin jini. Aure kuwa ba ya maganinsa, ina ganin masu 'ya'ya uku da shi.

In ma abinci za a tuhuma, a wasu mutanen lemon kwalba, kayan zaƙi da madara sun fi gyaɗa kusa da laifi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana cikin jakar yarinyar. Na ce ta nuna mini abin da take shafawa, sai ta zaro wani mai da aka haɗa mata a 'yar roba, ba suna ba takarda. Irin waɗannan haɗe-haɗen na bilicin sau da yawa akwai clobetasol ko betamethasone a ciki. Makon farko fuska ta yi luwai, a ce an dace. Daga baya ƙananan ƙuraje su feso bai ɗaya, fata ta yi laushin banza, rana kaɗan ta ƙone ta. Ga kuma masu shafa man goge baki da lemon tsami, ga dirza da soso, ga matsa da farce. A baƙar fata, duk inda aka fusata sai ya bar tabon da zai yi watanni bai tafi ba.

Na ce ta riƙa wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar zafi, da tafin hannu kawai. Man kitso kada ya sauko goshi, hijabi da ɗankwali a wanke su a kai a kai. Na rubuta mata benzoyl peroxide mai kashi 5 cikin 100, ta fara da kaɗan, ta kuma kula don yana cinye launin tufafi. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, a nan ne mafi yawa ke gajiya su koma wa mai haɗi.

Wanda ya daɗe yana shafa man bilicin ya nemi likita kafin ya daina, don fatar kan yi bore. Haka mai ƙuraje manya masu zurfi da ciwo, da macen da al'adarta ke rikicewa gashi kuma na fito mata a haɓa. Mai ciki ko mai neman ciki ta nisanci isotretinoin da adapalene.

Da za su fita uwar ta juyo ta ce, "To, gyaɗar fa?" Na ce, "Hajiya, a bar ta ta ci."