Ƙungiyoyin 'Yan Sakandare Masu Renon Itatuwa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A makarantun sakandare da dama na ƙasar Arewa akwai ƙungiyoyin yara waɗanda suka ɗora wa kansu aikin kula da ƙasa, watau renon itatuwa da dasa su, da yashe magudanan ruwa, da tsince ledar da iska ke watsawa cikin gari. Waɗansu reshe ne na ƙungiyar matasan manoma, waɗansu kuwa malamin aikin gona ne ya tara su. Abin ba baƙo ba ne a Afirka, gama tun 1968 'yan makaranta a ƙasar Kenya suka kafa ƙungiyoyin kiyaye namun daji. Yaran su ke zaɓen shugabanninsu, malami mai ba da shawara ne kurum. To, ko ba daɗe ko ba jima za su zo ƙofar hakimi su faɗi su yi gaisuwa, su roƙi fili. Saboda haka ya kyautu hakimi da malaminsa su san kan aikin tun ranar ba ta zo ba.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da dabbobi suka mutu, rairayi ya rufe gonaki a ƙasashen kan iyaka. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Sanagal zuwa Jibuti, a 2015 kuma Nijeriya ta yi dokar kafa hukumar da za ta riƙe aikin a jihohi 11, daga Kabi da Sakkwato har Barno da Adamawa. Hukuma tana iya kawo dashe mota guda a dasa da kiɗa da jawabi, amma ba ta da mai ban ruwa a kowace unguwa. Nan ne amfanin 'yan makaranta yake, don suna nan kullum, kuma garin nasu ne.

Aikin yana farawa ne da rani, ba da damina ba. Cikin Maris ko Afrilu yara su kan tara ledar ruwan sha wadda aka yar, su yanke bakinta, su huda gindinta, su cika ta da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, su jera a inuwa kusa da rijiya ko famfo. Irin gawo da na bagaruwa suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su cikin ruwan zafi ko an ɗan kankare su kāna su tsiro da wuri. Darbejiya kuwa, wadda aka shigo da ita lardin Barno a 1928, irinta ba ya jimre ajiya. In ya yi 'yan makonni a gwangwani ya mutu, tilas a shuka shi da zarar ya nuna ya faɗo. Bayan wata uku ko huɗu, in ruwa ya zauna sosai, wajen Yuli ke nan, sai a fitar da dashen. Wanda aka dasa a ƙarshen Satumba don jiran babban baƙo, da ƙyar ya kan ga wata damina.

Maganar fili ita ce ta fi shafar hakimi. A wurare da yawa talakawa na ɗaukan dashen itace alamar mallaka ce, don haka mai gona ba zai ji daɗi ba in ya wayi gari ya ga yaran makaranta sun jera dashe a kan iyakarsa. Ba zai yi musu magana ba, amma dashen ba zai kwana uku ba. Lalle ne hakimi ya sa dagaci da mai unguwa su fita da yaran, su nuna musu wurin da babu gardama, kamar gefen filin Idi, da kewayen maƙabarta, da bakin kasuwa, kuma a sanar da ƙaramar hukuma. Kada a dasa cikin burtali, don toshe hanyar shanu tsokanar faɗa ne tsakanin manomi da makiyayi. Kada kuma a sa itacen turare kusa da rijiya ko fadama, gama shan ruwansa ya yi yawa.

Sa'an nan ga akuya. Da an gama kaka aka saki dabbobi, duk dashen da ba shi da shingen ƙaya ko kwando ya zama abincinta. Yaro ɗan shekara 16 ba shi da bakin da zai tsawata wa tsohuwa a kan akuyarta, ba ma tarbiyya ba ce ya yi haka. Amma in sankira ya zaga gari da umurnin hakimi, aka kuma danƙa wa kowane gida na kusa itace ɗaya ko biyu su sa ido, abin ya kan zauna. Haka kuma watannin Afrilu da Mayu, lokacin da dashe ya fi bukatar ruwa, su ne 'yan aji shida ke fama da shirin jarrabawar WAEC. Ƙungiyar da ta san abin da take yi ta kan miƙa shugabanci ga 'yan aji biyar tun cikin hunturu. Hakimi yana iya tambayar shugaban makaranta ko an yi haka.

Akwai wata hanya wadda ba ta bukatar leda ko ban ruwa, kuma ta cancanci a koya wa yaran. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka shiga barin tohon kututturan da ke gonakinsu, irin su sabara da kalgo da gawo. Maimakon a sassabe duka a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, itacen ya kan tashi da sauri fiye da dashe. Suna kiran wannan sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya mai da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Gawo ya fi dacewa da gona, don yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa. In hakimi ya ba da kadada guda a gonarsa yara suka gwada, manoma za su zo kallo da kansu.

Sai dai a lura, yaran nan ba leburori ba ne. Ba daidai ba ne a tura su sharar gidan wani babba da sunan ƙungiya, ko a sa su cikin kwata da hannu ba shebur ba takalmi.

Aikin malamin hakimi shi ne ya buɗe littafi. Ya rubuta ranar dashe, da wurin, da irin itacen, da yawansa, da sunan gidan da aka danƙa wa. A ƙarshen Mayu, kafin ruwan farko, ya fita da shugaban ƙungiya su ƙirga waɗanda ke da rai, ya rubuta adadin a gefen na farko. Wannan adadi na biyu shi za a sa cikin rahoton da hakimi zai aika wa Mai Martaba Sarki.