Zaɓen Risiba Don Tsofaffin Sifikoki: Abin Da Ake Dubawa Kafin Yawan Wat

Risiba na'ura ce da ta haɗa abubuwa uku a akwati ɗaya: rediyo, sashen da ke zaɓar inda sauti zai fito tare da daidaita ƙarfinsa, da kuma amfilifaya mai tura sifika. Kamfanonin Japan irin su Pioneer, Sansui, Kenwood, Technics, Yamaha da Akai sun cika duniya da ita daga 1970 zuwa farkon shekarun 1980, kuma har yau ragowar wancan zamani na sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana cikin kwantenar kayan gwanjo, daga can su bazu zuwa shagunan Lapaz da kewayen Circle da Kokomlemle a birnin Accra. A gidajen Nima da Maamobi kuwa akwai tsofaffin sifikoki masu akwatin katako, wasu gadon uba ne, wasu ɗan'uwa ne ya aiko daga Hamburg ko Landan. Yawancinsu sun fi na'urar da aka saye su tare da ita tsawon rai, shi ya sa mai su kan wayi gari yana neman abin da zai tura su. Abin da masu gyara suka fi gani shi ne mutum ya shiga kasuwa da tambaya ɗaya a bakinsa, wat nawa ne, alhali akwai tambayoyi uku da suka riga ta.

Ta farko ita ce ko sifikar kanta tana da lafiya. A cire ragar gaba a dubi zoben da ya kewaye takardar wufa, wato babbar sifikar da ke ba da bes. Idan na soso ne, da wuya ya wuce shekara 20 bai ruɓe ba, kuma damshin Accra na hanzarta ruɓewar. Da an taɓa shi da yatsa sai ya marmashe. Na roba ko na ƙyalle ya fi jimiri. Zoben da ya ruɓe ana canza shi, ba dalilin zubar da sifika ba ne, amma tura ta da ƙarfi a wannan hali na sa koyil ya goga jikin maganaɗisu ya lalace. Daga nan a ɗauki batir mai bolt 1.5 a taɓa shi da wayoyin sifikar na ɗan lokaci: in takardar ta motsa gaba ko baya ba tare da ƙarar gogayya ba, koyil na da rai. Tuwita, ƙaramar da ke ba da siririn sauti, ba a gwada ta da batir kai tsaye. Kunne ake karawa kusa da ita yayin da waƙa ke tafiya a hankali.

Tambaya ta biyu om nawa ce sifikar, kuma a nan yawancin ɓarna ke faruwa. Om ma'auni ne na yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke tura mata. Ana rubuta shi a bayan akwati, galibi 4, 6 ko 8, wani lokaci 15 ko 16 a tsofaffin kayan Ingila. In rubutun ya goge, mitar auna lantarki na ba da haske: sifika mai om 8 kan nuna tsakanin 5.5 da 7, mai om 4 kan nuna 3 zuwa 3.5, domin mita na auna waya ne kawai ba halin sifikar cikin kiɗa ba. Muhimmancin lambar yana cikin lissafi mai sauƙi. Amfilifayar da ke fitar da bolt 20 za ta ba sifika mai om 8 wat 50, tana jan amfiya 2.5. Da an sa mata mai om 4, sai jan ya ninka zuwa amfiya 5. Idan taransifoma da transistocinta ba a yi su don wannan nauyi ba, zafi ne zai taru har wani abu ya ƙone. Kayan Jamus na wancan zamani, irin su Grundig, Braun da Telefunken, yawanci om 4 ne, kuma suna da yawa a kasuwar Ghana saboda yawan 'yan ƙasar da ke zaune a Jamus da Holan. Duk mai irin waɗannan sifikoki dole ya juya risibar da yake ciniki ya karanta rubutun da ke kusa da maɗaurin waya. In ya ga 4 zuwa 16, ta dace. In ya ga 8 zuwa 16 kawai, ya bar ta komai kyan fuskarta.

Akwai wani tarko a maɓallin da aka rubuta wa A, B da A+B. Mutane da dama na ganin tunda akwai wurin sifika huɗu, to huɗu za a ɗaura. A yawancin risibobi, kunna A+B na jera sifikokin kafaɗa da kafaɗa, sai om ya ragu da rabi: biyu masu om 8 su zama 4, biyu masu om 4 su zama 2. Kusan babu risibar gida da ke jure om 2. Wannan ne ke kashe na'urori ranar suna ko biki, lokacin da aka aro sifikar maƙwabci aka ƙara a kan ta gida aka murɗa har ƙarshe. Idan rubutun baya ya ce A+B na buƙatar om 8 ko sama, ba ado ba ne. Tsohuwar amfilifaya mai kwan fitila kuma tata dokar daban ce: tana da maɗaurai daban na om 4, 8 da 16, a ɗaura a wanda ya dace, kuma ba a kunna ta sam ba tare da sifika a jiki ba.

Tambaya ta uku ba ta shafi sauti ba, ta shafi soket. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa. Kayan da suka zo daga Ingila da sauran Turai, masu 220 ko 240, suna shiga ba matsala. Na Amurka da Kanada bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuwa 100. Wanda ya canza wa irin wannan risiba kan fulogi kawai ya soka a bango, in ya yi sa'a fiyus ne zai tafi, in bai yi ba taransifoma ce, kuma samun irinta sai an sha wuya. Wasu na'urorin suna da ɗan maɓalli a baya na zaɓar 110, 120, 220 ko 240. A duba shi da ido kafin a kunna, kada a dogara da cewa mai shago ya riga ya juya. Wadda ba ta da shi tana buƙatar taransifomar rage wuta, irin wadda ake samu a Zongo Lane, mai ƙarfin da ya kai ninki ɗaya da rabi ko biyu na abin da aka rubuta risibar na ci. Na'urar da aka yi don zagaye 60 kaɗai takan fi ɗaukar zafi a kan 50, saboda haka tana son iska sosai.

Sai bayan waɗannan ne maganar wat ke shigowa, kuma ita ma ba ta tafiya ita kaɗai. Kowace sifika tana da ma'aunin saurin amsawa, wato yawan ƙarar da take bayarwa da wat 1 a nisan mita 1, ana ƙirga shi da desibel. Yawancin sifikokin gida suna tsakanin 86 da 91. Ƙarin desibel 3 kacal na buƙatar ninka wat sau biyu, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Ma'anar wannan ita ce bambancin risiba mai wat 50 da mai wat 100 ɗan kaɗan ne a kunne, yayin da bambancin sifika mai desibel 86 da mai 92 ya kai na ninka wat sau huɗu. Tarihi ya ba da misalai biyu. Klipsch Heresy, da ta fito a 1957, tana da saurin amsawa sama da 90 nesa ba kusa ba, wat 15 ya ishe ta cika falo. AR-3a ta kamfanin Acoustic Research, da ta fito a 1967, akwatinta a rufe yake ruf, om 4 ce, kuma tana cin wuta. Ƙaramar risiba ba ta iya mata. Ga ɗaki da falo irin na gidajen haya a Nima, inda mai sauraro ke zaune mita 2 ko 3 daga sifika kuma maƙwabci na bayan bango, wat 30 zuwa 60 a kowane ɓangare ya wadatar da yawancin tsofaffin sifikoki.

Sai dai a tabbata wat ɗin na gaskiya ne. Lambar da ake amincewa da ita ita ce ta ƙarfi mai ɗorewa, wadda ake rubuta wa RMS, tare da faɗin om nawa aka auna da shi kuma ɓangarorin biyu na aiki tare. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta tilasta wannan salon awo a 1974, shi ya sa lambobin risibobin wancan lokaci suke da tawali'u kuma suke cika alkawari. Marantz 2270 wat 70 aka rubuta mata, Pioneer SX-1980 ta 1978, wadda ake lissafawa cikin manyan zamaninta, wat 270. Lambar PMPO da ake mannawa a kwalin sababbin kaya, 2000 ko 5000, ba ta da ma'aunin da aka yarda da shi. Hanyar gane ta ba wuya: a dubi abin da na'urar ke ci daga bango. Wadda ke cin wat 60 ba ta da inda za ta samo 2000 ta ba sifika.

Mutane kan ji tsoron babbar risiba za ta fasa ƙaramar sifika, kuma hakan na faruwa in an yi ganganci. Amma tuwitocin da suka fi zuwa wurin gyara a ƙone, ƙaramar amfilifaya ce ta kashe su. Idan aka murɗa ta fiye da iyakarta, sai ta datse kan sautin, ya fito da kaushi da tsatsa, kuma wannan gurɓataccen sauti na tura wa tuwita wutar da ta fi ƙarfin siririyar wayarta. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Alamar a bayyane take: da zarar murya ta fara karcewa ko bes ya fara kwaɓewa, an wuce iyaka, a rage. Murɗa maɓallin bes da na siririn sauti har ƙarshe na kawo wannan iyaka kusa tun kafin maɓallin ƙara ya kai rabi.

Risibar gwanjo da ta shekara 40 ana gwada ta a shago, da sifikar shago, ba da ta gida ba. Bayan kunnawa da 'yan daƙiƙu, yawancinsu kan yi ɗan ƙas a ciki, alamar rilen kariya ya saki hanya. In bai yi ba, ko ya yi ta ƙas-ƙas, akwai matsala. A sa mita a maɗaurin sifika, ƙara a ƙasa, a auna wutar da ba ta kaɗawa: ƙasa da milibolt 50 lafiya ce, in ta haura ɗaruruwa tana buƙatar gyara, in ta kai bolt guda ko fiye tana iya dafa koyil ɗin wufa. A saurari hagu da dama daban-daban, a bar ta ta yi kiɗa minti 20, sannan a ɗora hannu a sama a ji ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Ƙarar ƙwar-ƙwar yayin murɗa maɓalli yawanci ƙurar hunturu ce da iskar teku, ana wanke ta da maganin fesawa na lantarki. Gurnani mai ɗorewa a sifika kuwa kan nuna manyan kafasitoci sun bushe. In ciki akwai baƙin bulo mai rubutun STK na kamfanin Sanyo, a san cewa an daina yin na asali, kuma jabunsa ya yi yawa a kasuwa. Mai transistoci a warwatse ta fi sauƙin gyara.

Ɓangaren rediyo ma yana da nasa abin lura. Tsofaffin risibobin da aka yi don cikin Japan suna kama FM daga 76 zuwa 90 ne kawai, alhali tashoshin Ghana suna tsakanin 87.5 da 108. Da irin wannan na'ura, mutumin Kokomlemle ba zai kama Joy FM a 99.7 ba duk da cewa gidan rediyon a unguwarsa yake. Mai garmaho da tsofaffin faya-fayai yana buƙatar ramin da aka rubuta wa Phono, wanda sababbin risibobi da yawa ba su da shi. Wayar hannu ko ɗan akwatin Bluetooth ba a soka su a wannan rami, domin an yi shi ne don sauti mai rauni ƙwarai. Wurinsu Aux ko Tape. Kayan Jamus sukan zo da maɗauri mai zagaye na DIN, wanda ake nema wa mahaɗi ko a canza shi.

Sabuwar na'ura ba laifi ba ce. Risibar sinima mai sifika biyar tana iya tura tsofaffin sifikoki biyu, sai dai da yawansu om 6 ne ƙarshen abin da suke karɓa. Ƙananan amfilifayoyin zamani da ba su fi tafin hannu ba suna jure om 4 kuma ba sa zafi, amma ƙarfinsu na rataye ne da cajar da aka haɗa su da ita. Mai bolt 12 ba ta ba da abin da aka rubuta don bolt 24.

Kowace aka zaɓa, a bar mata sarari na faɗin hannu a sama, kada a ɗora dikoda ko mayafin ado a kan ramukan iska. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 ta isa ga nisan ɗaki, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a ɓangarorin biyu, in ba haka ba bes zai ɓace. Kuma kada a bar silin waya ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa. Shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, musamman 2015, sun nuna cewa dawowar wuta ta fi ɗaukewarta haɗari ga tsofaffin na'urori. In wuta ta ɗauke a kashe risiba a cire fulogi, in ta dawo a jira ta zauna, sannan a kunna da ƙara a ƙasa.