Wayar Salula Idan Ta Ƙetare Iyaka

Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru a lokacin hunturu ba sa neman izinin kowa. Wayar salula ba ta da wannan gata. Ɗalibin da ya tashi daga Guri zuwa karatu a waje, riƙe da wayar da ya sayo a Kano, ya kamata ya san dalili.

Ita waya ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓar saƙo, kuma ba ta jin eriyar kamfani sai a kan zangon da aka ƙera ta dominsa. Tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001, yana amfani da zangon megahaz 900 da 1800. Haka abin yake a Nijar da Saudiyya da Ingila, shi ya sa wayar Kano takan yi aiki a Makka ba tare da wahala ba. Amurka kuwa ta ɗauki 850 da 1900, kuma manyan kamfanoninta sun rufe tsarin 3G a 2022. Ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ke hidima sosai a Guri, tana iya yin gum a can.

Ko da zango ya dace, kira da layin gida a waje yana cinye kuɗi. Sayen layin ƙasar da aka sauka ya fi sauƙi. Amma kada a jefar da na gida, domin ta kansa banki ke turo lambar sirri, kuma layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani kan sayar wa wani.