Rage Kaya Kafin Tashi

Dogon Dawa gari ne a ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, bisa hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta nufi Funtuwa. Yawancin mutanensa manoma ne, suna noma masara da dawa da shinkafa. Tashi daga wani wuri zuwa wani ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Ko Birnin Gwari kansa ya taɓa tashi, shi ya sa har yau akwai inda ake kira Tsohuwar Birnin Gwari. Tun wajen 2012 kuma 'yan bindiga da ke ɓuya cikin daji suka tada mutane da yawa daga ƙauyukansu. Da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, waɗansu suka fara komawa.

Wanda ya yi gudun rai ba shi da zaɓi, daga shi sai kayan jikinsa. Amma wanda Allah ya ba sararin shiri, wajibi ne ya zauna ya tsince kayansa tun da sauran kwanaki. Mai mota gwargwadon kaya yake yanka kuɗi. Shanun amalanke kuma suna da iyakar abin da za su iya ja. Ba a sanin yawan tarkacen gida sai an fito da shi tsakar gida. Ku dubi Fulani makiyaya, dukan kayan gidansu sukan hau bayan takarkari da jaki, ba su kuwa rasa abin dafa tuwo.

To, da me za a fara? Manomi mai hankali da iri yake farawa. Zangarniyar dawa da masarar da aka rataye a madafa har hayaƙi ya baƙanta su, yaro zai ce shara ce. Ba shara ba ce, ita ce gonar baɗi. Da kaka aka zaɓo masu manyan ƙwayoyi aka rataye su, hayaƙin nan kuwa shi ke korar ƙwari. In an sayar da su don neman kuɗin mota, ko an daka an ci, ruwan shuka zai sauka a rasa abin sa wa a ƙasa. Sa'an nan sai a je kasuwa a saya da tsada, watakila ma a sayo irin da bai dace da gonar ba. Saboda haka iri yakan shiga buhunsa dabam, a ɗaure, a sa masa alama. Bayansa sai fartanya da garma da gatari da lauje. Ko ƙota ta karye a ɗauki ruwan, ƙota ba ta wuya a ƙasar daji.

Akwai kuma abin da ba shi da nauyi, amma ya fi gado daraja, watau takardu. Takardar haihuwa, da katin rigakafi, da takardar gona, da sakamakon makaranta, a naɗe su a leda, uban gida ya riƙe a jikinsa.

Kaya masu nauyi su ne abin bari. Randa ba ta son tafiya, kafin a kai ta fashe. Dutsen niƙa da babban turmi su ma in akwai maƙwabciyar da ba ta da su, a bar mata, ta riƙa tunawa da ku. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan a ba na baya. Fasassun tasoshi da tukwanen ƙarfe da tsohon langalanga a kai wa 'yan gwangwan, su auna su biya.

Amma ba kowane abu ake kyauta da shi ba. Tsohuwar katifa ko tabarma mai kuɗin cizo a ƙone ta, kada a kai ƙwari sabon ɗaki, kada kuma a kai su ɗakin wani. Galan ɗin maganin feshi ya fi kome haɗari. Ko an wanke shi, dafi yakan saura a ciki. A huda shi don kada wani ya tsinta ya zuba ruwan sha ko manja, a kuma ajiye shi nesa da rijiya da yara. Ragowar maganin asibiti da ya daɗe, kada a bar shi inda ƙananan yara za su ɗauka. Takardun da ke da sunan Allah kuwa ba a zuba su a juji. A tattara a kai wa malam.

Tambayoyi

1. Don me ake rataye iri a madafa?
2. Me ya sa ake huda galan ɗin maganin feshi?
3. Rubuta sunayen abubuwa biyar na gidanku da za ka ɗauka in za ku tashi, ka faɗi dalili.